Yadda mai kitse a hanta zai yi amfani da kurkum, daga gwajin farko zuwa wata uku

Tun da aka fara yaɗa cewa kurkum yana narkar da kitsen hanta, tambayoyin da suke zuwa daga 'yan'uwa mazauna Makka, Jidda da Madina kusan iri ɗaya ne: cokali nawa, da me ake haɗawa, wata nawa ake sha? Akasarin masu tambayar wani ciwon daban ne ya kai su mustausaf, wato ƙaramin asibiti, aka yi musu hoton ciki, likita ya ce "kabid duhni", wato hanta mai kitse, suka fito da takarda a hannu babu cikakken bayani.

Ga gaskiyar da za a ɗora komai a kanta. An gwada sinadarin kurkumin, wato abin da yake ba kurkum launinsa, a kan masu kitse a hanta, yawancin gwaje-gwajen a Iran. An ga lambobin hanta sun ɗan sauka, kitsen da ake gani a hoto ya ragu a wajen wasu. Amma mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma yawanci mako 8 zuwa 12 kawai aka bi su. Saboda haka kurkum mataimaki ne, kuma yana da tsarin da ake bi. Wanda ya rikita tsarin yana iya yi wa hantar da yake son gyarawa illa.

1. Gwaji tukuna, kurkum ya jira

Kada ka sa ko rabin cokali a baki da sunan magani sai ka san inda kake. Ana cewa hanta ta yi kitse idan kitsen ya wuce kashi 5 cikin 100, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna da shi, yankin nan na Gabas ta Tsakiya kuwa yana sahun gaba. Yawanci ba ya ciwo, shi ya sa jin daɗin jiki ba ya gaya maka komai.

Abin da za ka nema a rubuta maka: gwajin jini na lambobin hanta, wato ALT da AST da GGT, ƙidayar jini wadda za ta nuna adadin safa'ih (ƙwayoyin da suke sa jini ya daskare, a takarda ana rubuta PLT), sugan wata uku da ake kira HbA1c, kitsen jini, sai hoton ciki idan ba a yi ba. Ka kwana ba ka ci komai ba idan za a haɗa da kitsen jini da suga, ruwa kawai.

Akwai guda biyu da nake so ka nace a kansu ko likita bai ambata ba: gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ake rubutawa HBsAg, da na nau'in C. Mu da aka haifa a Najeriya ko Nijar, ko iyayenmu daga can suka zo, nau'in B ya yi yawa a cikinmu. A Najeriya kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi, da yawa tun suna jarirai, ba su sani ba. Mutum yana iya samun kitse da ƙwayar cutar a lokaci guda. Idan ya tsaya shan kurkum, ƙwayar tana can tana aikinta, alhali akwai maganin asibiti da yake danne ta, nau'in C kuma ana warkewa daga shi gaba ɗaya cikin wata biyu zuwa uku.

Batun kuɗi: mai tamin na wajen aiki, wato inshorar lafiya, ya bi ta likitan da yake cikin jerin kamfaninsa, zai biya ɗan kaso ne kawai. Wanda ba shi da tamin ya je mukhtabar mai zaman kansa, wato ɗakin gwajin jini, ya tambayi farashin gwajin hanta a dunƙule, ya fi sauƙi a kan a cire ɗaya-ɗaya. Ka tambayi wurare biyu ko uku kafin a tsira maka allura, domin tazarar farashi tsakaninsu tana da yawa.

Gargaɗi: ALT mai kyau ba ta wanke ka ba. Akwai masu tabo a hanta da lambarsu take cikin iyaka.

A ranar kuma ka hau ma'auni, ka auna ƙugunka da tef ɗin tela daidai saitin cibiya, ka rubuta a littafi tare da kwanan wata. Namiji da ya wuce santimita 94, mace da ta wuce 80, tumbin ya shiga lissafi.

2. Yi lissafin tabo

Kitsen kansa ba shi ne abin tsoro ba, tabon da yake bari ne, domin tabon ne yake kai hanta ga ƙanƙancewa da ciwon daji. Likitoci suna da lissafi mai sauƙi da ake kira FIB-4, kuma da takardar gwajinka da wayarka za ka iya yin sa.

Ka ninka shekarunka da AST. Ka ajiye. Ka nemo saiwar ALT a kalkuleta, wato alamar √, ka ninka ta da PLT. Sai ka raba na farko da na biyu. Misali mai shekara 45, AST 40, ALT 49, PLT 250: na farko 1800, saiwar 49 ita ce 7, sau 250 ya zama 1750, amsa ta fito 1.03.

Ƙasa da 1.3, da wuya a ce akwai babban tabo, ka ci gaba da matakan nan. Tsakanin 1.3 da 2.67, ka nemi a yi maka FibroScan, na'urar da take auna taurin hanta cikin 'yan mintoci ba tare da allura ba. Tana da tsada fiye da hoton ciki na gama-gari, amma sau ɗaya ake yi a daɗe. Sama da 2.67, ka rufe wannan rubutu ka nemi likitan hanta. Wanda ya haura shekara 65 iyakarsa ta farko 2.0 ce, ɗan ƙasa da 35 kuwa lissafin ba ya cika faɗa masa daidai.

3. Duba ko kana cikin waɗanda ya kamata su dakata

Barbaɗa kurkum a miya kamar yadda aka saba bai hana kowa ba. Maganar shan sa kullum da awo ce take da sharaɗi.

Mai tsakuwa a matsarmama ko toshewar hanyarta ya bari, domin kurkumin yana sa ta matsewa, tsakuwar tana iya motsawa ta maƙale. Hoton cikin da aka yi maka zai nuna ko akwai. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda shi ma ya yi hattara, kurkum yana da sinadarin da yake haɗa irin tsakuwar da ta fi yawa, ga zafin ƙasar nan da ƙarancin shan ruwa sun riga sun sa cutar ta yawaita. Mai shan maganin tsinka jini, irin su warfarin, clopidogrel ko asfirin na kullum, ya tambayi likitansa. Haka mai ciwon suga da yake allurar insulin ko shan ƙwayar da take saukar da suga da ƙarfi, ya ƙara yawan awo a makonnin farko. Wanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta, da wanda yake karɓar maganin ciwon daji, kada su taɓa sai da izini.

Mai juna biyu da mai shayarwa su tsaya a na cikin miya. 'Yar'uwa mai ƙarancin jini da take shan ƙwayar ƙarfe ta raba tsakaninsu da sa'o'i, domin kurkum yana iya rage shigar ƙarfen jiki. Wanda za a yi wa tiyata ya daina mako biyu kafin ranar.

Idan ka rasa wanda za ka tambaya, lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana haɗa mutum da likita ta waya dare da rana. Mai saidaliyyar unguwarku, wato kantin magani, shi ma ya san haɗuwar magunguna. Kai masa kwalayen duka a leda ya duba.

4. Sayen kurkum

Gara ka sayi saiwar busasshiya a kan niƙaƙƙe na buɗaɗɗen buhu. Masu aɗɗara, wato masu sayar da kayan ƙamshi da saiwoyi, a Bab Makka da kasuwar Alawi da ke Balad a Jidda suna da ita, haka ma shagunan kayan ƙamshi na Indiyawa da Yamalawa a kowace unguwa. 'Yan riyal kaɗan za su saya maka abin da zai kai ka wata, domin abin da kake buƙata a wata bai kai giram 100 ba.

Ka zaɓi mai tauri, mai nauyi a hannu, wadda bayanta ya ɗan dushe. Karya ɗaya: cikinta ya zama ruwan lemo mai duhu, da ƙamshi mai ɗan ɗaci. Ka guji wadda ta rarake ko take da ƙananan huji na ƙwari, da mai warin ruma.

Gargaɗi: wadda take ƙyalli da rawaya mai ɗaukar ido har tana bar maka kala a yatsa, ka ajiye ta. A 2019 masu bincike daga jami'ar Stanford sun nuna yadda wasu masu sarrafa kurkum a Bangaladesh suke goge saiwar da wani fenti mai dalma domin ta yi kyau a kasuwa. Dalma tana taruwa a jiki, yara ta fi yi wa ɓarna. Akwai kuma masu ƙara wa garin kalar rini da garin sitaci. A gida za ka iya zuba cokali ɗaya a kofin gilashi na ruwan ɗumi ka bar shi ba motsi: mai kyau yana kwantawa a ƙasa ya bar ruwan da rawaya mai haske, mai rini kuwa nan take yake rine ruwan. Wannan dabara tana kama rini ne kawai, ba ta tabbatar maka babu dalma. Idan niƙaƙƙe za ka saya, ɗauki na cikin kwalba ko leda a rufe, mai sunan kamfani da ranar ƙarewa, domin shi ne yake bi ta hannun Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya.

5. Daka da ajiya

Wanke saiwar, goge ta, shanya ta ta bushe ƙarau. A ranar Makka wuni ɗaya ya isa. Farfasa ta a turmi kafin ka zuba a injin niƙa, in ba haka ba za ta karya maka wuƙar injin. Tankaɗe da rariya mai laushi, sake daka tsakin. Zuba a kwalbar gilashi mai murfi, ajiye a cikin kabad nesa da murhu, domin haske yana lalata kurkumin. Kada ka daka fiye da na wata biyu. Hajiya ta sa tsohon zani ranar daka, kalar ba ta fita da sauƙi, ko da yake shanya a rana yana kashe ta.

6. Awo

A nan ne mutane suka fi zarmewa. Ƙaramin cokalin shayi shafe da gari yana ɗaukar kusan giram 3. Kurkumin a cikin garin bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 ba, ke nan cokali ɗaya yana ba ka kimanin miligiram 90. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ajiye iyakar yau da kullum a miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 70 iyakarsa miligiram 210.

Tsarin da nake ba da shawara: makon farko rubu'in cokali a rana. Idan ciki bai yi ƙorafi ba, mako na biyu rabin cokali. Daga na uku ka iya kai shi cokali ɗaya shafe, a raba biyu, rana da dare. A nan za ka tsaya. Cokalin shayi nake nufi, ba na cin shinkafa ba, kuma shafe, ba tsororuwa ba.

Gargaɗi: ƙwannafi, kumburin ciki ko gudawa alama ce ka koma awon baya. Mai gyambon ciki kada ya sha da wofin ciki. Maganar "a sha da sassafe kafin a karya" da ake yawan turawa ba ta da tushe, kurkumin ma ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa.

7. Yadda ake sa shi a abinci

Saboda a mai yake narkewa, hanya mafi kyau ita ce tukunya. Zuba cokali ɗaya na man zaitun, soya albasa a ƙaramar wuta, zuba kurkum ka juya kamar rabin minti, sannan ka kawo tumatir ko ruwa. Idan wuta ta yi yawa zai ƙone ya yi ɗaci. Yana shiga miyar adas, ful na safe, miyar taushe, faten wake, wainar ƙwai, farfesun kifi, da kazar da za a gasa. Ka tuna awon na mutum ɗaya ne. Tukunyar gida mai ciyar da mutum shida, cokali ɗaya a cikinta bai kai wa kowa komai ba. Ya fi sauƙi ka ɗebi rabonka a ƙaramar tukunya ka ƙara naka.

Barbaɗa ɗan masoro a kai, abin da yatsu biyu suka ɗauka. Sinadarin da yake cikinsa yana hana jiki saurin fitar da kurkumin. Wani gwaji da aka yi a Indiya a 1998 ya nuna ya ninka abin da yake shiga jini har sau ashirin. A matakin tukunya wannan taimako ne. A mataki na gaba za ka ga inda yake zama matsala.

Gargaɗi ga masu girki: kada a haɗa shi da kanwa. Miyar kuka ko kuɓewa da aka jefa wa kanwa za ta mai da kurkum ja, kuma kurkumin yana rushewa da sauri a irin wannan ruwan. Ki bar wa waɗannan miyar halinsu, ki sa shi a wata.

Ranar da ba a yi girkin da ya dace ba, ga na sha: kofi ɗaya na madara mai ƙarancin kitse, rabin cokali na kurkum, ɗan citta, ɗan masoro, a bar shi ya yi minti biyar a ƙaramar wuta. Babu suga, babu madarar gwangwani mai zaƙi, kuma babu zuma. Na san maganar zuma tana da nauyi a zukatanmu, amma fiye da rabinta suga ne, kuma kusan rabin sugan irin wanda hanta take mayarwa kitse ne. Cokali biyu na zuma kullum da dare ya cinye duk ribar da kurkum zai kawo.

8. Ƙwayoyin kwalba

Tambayar da ta fi kowacce yawa ke nan, domin suna nan jere a saidaliyya da shagunan intanet, wasu riyal gommai, wasu sama da ɗari. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta tataccen kurkumin ta wuce cokali biyar na gari, ta ninka iyakar mai kilo 70 fiye da sau biyu. Da yawansu kuma an ƙara musu tataccen sinadarin masoro, za ka ga an rubuta piperine ko BioPerine a jikin kwalbar, ko an sarrafa su ta wata hanya domin su shige jini sosai.

Irin waɗannan ne aka kama suna kumbura hanta. A 2019 hukumomin Italiya sun tattara rahoton mutane da dama da suka kamu da ciwon hanta bayan shan su. A Amurka, ƙungiyar likitocin da take bin diddigin illar magunguna ga hanta ta wallafa bayanin mutum goma: biyar sun kwanta a asibiti, ɗaya ta rasu, kuma bakwai daga cikinsu suna da wata alama ta gado iri ɗaya a jininsu. A 2023 hukumar magunguna ta Ostireliya ta fitar da nata gargaɗin. Abin ba ya samun mutane da yawa, amma ba ka da hanyar sanin ko kana cikin masu wannan gado, kuma yakan bayyana ne tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu da fara sha, lokacin da mutum ya riga ya saki jiki.

Ra'ayina: mai kitse a hanta ya bar kwalba a kan kanta. Idan likitanka ne ya ga dacewar ka sha, to a yi ta da tsari. A tabbatar an yi rajistarta, manhajar Tameni ta Hukumar Abinci da Magunguna tana nunawa. A zaɓi wadda ba ta da ƙarin masoro. A sake auna ALT bayan mako huɗu zuwa shida. Kada a wuce wata uku. Kada a haɗa da wata kwalbar, musamman tataccen koren shayi na rage ƙiba, wanda shi ma an san shi da wannan illa.

Alhazai da masu Umara da suke cika jaka da waɗannan kwalabe a matsayin tsaraba ga tsofaffi a gida, don Allah a canza tsaraba. Tsohuwar da take shan maganin hawan jini da na suga a ƙauye ba ta da inda za a auna mata ALT bayan wata guda.

Gargaɗi: idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya kama ƙaiƙayi, ko tashin zuciya da kasala suka ƙi tafiya, ka daina nan take ka je asibiti da kwalbar a hannu. Kada ka ce shawara ce ka nemi jiƙo. Aman jini, baƙin bayan gida, kumburin ciki ko ruɗewa kuwa na motar asibiti ne, lamba 997.

9. Abin da yake ɗauke da nauyin aikin

Da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in zubar da sauran, wannan zan riƙe. Rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen hanta. Kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi, har tabo yana iya ja da baya. Babu wani gwajin kurkum da ya kai nan. Mai kilo 90 zai fara ganin canji da kusan kilo 3 zuwa 4 da rabi, babban burinsa kilo 9.

Fara da abin sha, domin nan ne ƙofar da ta fi faɗi. Gwangwani ɗaya na lemon kwalba yana da kusan giram 35 na suga, sama da cokalin shayi takwas, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so babba ya tsaya kusa da giram 25 a wuni. Tun 2017 gwamnatin ƙasar nan ta sa wa waɗannan lemuka haraji, amma har yau bros, wato soyayyiyar kaza, ba ya tafiya sai da su. Asir na kanti, wato ruwan 'ya'yan itace, ko da an rubuta babu ƙarin suga, da na matsewa a shago, da shayin karak mai madarar gwangwani, da sobiya, duk layi ɗaya suke. Ci lemon zaƙin da ɓawonsa na ciki, ka bar ruwansa. Shayi kuma ka riƙa rage cokali ɗaya duk mako har harshe ya saba.

Sai shinkafa. Kabsa, mandi, bukhari, ga tuwon shinkafa da dafa-duka namu na gida. Mutum yana iya cin shinkafa sau biyu a rana shekara da shekaru. Wahalar ita ce tire ɗaya ake zagayewa, babu mai sanin abin da ya ci. Dabarar da take aiki: ɗebi naka a faranti kafin a zauna, rabi ganye da salatin, rubu'i nama ko kifi ko wake, rubu'i shinkafa. In kunya ta hana ka a gidan mutane, ja iyaka a gabanka da cokali ka tsaya a kanta. Burodin tamis guda na safe a raba shi biyu, a ƙara ful. Dabino uku sun isa a zama ɗaya. Gidajen abinci tun 2019 suke rubuta adadin kalori a gefen kowane abinci, ka riƙa dubawa kafin ka yi oda.

Gahawa kuwa tana ɓangarenka. Bincike da yawa sun nuna masu shan kofi biyu zuwa uku a rana ba su cika yin tabon hanta kamar waɗanda ba sa sha ba. Sharaɗin dai babu suga, kuma kada farantin dabino da alewa ya biyo ta.

Gargaɗi: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne daidai. Yunwar ganganci da take zubar da kilo da yawa cikin kwanaki tana haifar da tsakuwar matsarmama, tana ma iya tayar da kumburin hanta. Ƙwayoyin ƙiba da wasu mata suke sha, waɗanda ake wa laƙabi da "sha ka fashe", da allurar ƙarin tsoka ta samarin gidan motsa jiki, dukansu suna cutar da hanta. Giya kuwa, ga wanda aka jarabta da ita, ko kaɗan ba ta da wuri a nan, kuma ya gaya wa likita gaskiya domin magani ya dogara da hakan.

10. Tafiya

Minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, da saurin da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Motsa jiki yana rage kitsen hanta ko da ma'auni bai motsa ba. Da rana ba zai yiwu ba a watannin zafi, sai bayan Asuba ko bayan Isha. Mutanen Jidda suna da bakin teku da hanyoyin tafiyar ƙasa da ake kira mamsha, na Makka kuwa wanda ya yi ɗawafi a bene ya san abin da ƙafa take ji, sa'ayi kaɗai kusan kilomita 3 ne. 'Yan'uwa mata masu aiki a gidaje da ba sa samun fita, hawa da saukar matakala minti goma sau uku a rana ya shiga lissafi. Ka ƙara ruwan sha, ko don ƙoda.

11. Idan azumi ya shigo

Mayar da kurkum cikin shurbar buɗa-baki ko abincin sahur, awon bai canza ba. Azumi kansa yana taimaka wa mai kitse a hanta, abin da ake jerawa bayan kiran Magariba ne yake rusa shi: sambusa, lugaimat, jan lemon nan da ba a rabuwa da shi. Wanda lissafinsa ya nuna tabo mai yawa, ko yake allurar insulin, ya ga likita tun cikin Sha'aban.

12. Komawa gwaji bayan mako 12

Koma mukhtabar ɗin da ka fara zuwa, domin na'urori suna ɗan bambanta. Kwana biyu kafin nan kada ka yi motsa jiki mai tsanani, yana ɗaga AST. Maimaita ALT, AST, GGT da HbA1c, hau ma'auni, auna ƙugu, ka jera su gefen na farko a littafinka. Hoton ciki ba sai an sake shi yanzu ba, ba ya nuna ƙaramin canji, kuɗin kawai za ka kashe.

Idan ALT ta sauka, ƙugu ya ragu, ci gaba a kan awon da kake. Idan nauyi ya sauka amma ALT tana nan a sama, likita zai nemi wani dalilin, kamar taruwar ƙarfe a jiki, cutar garkuwar jiki ko wani maganin da kake sha. A nan ne za ka lissafa masa duk wani jiƙo da haɗi da ka sha, har wanda aka aiko maka daga gida. Idan ALT ta hau, musamman ta ninka, dakatar da kurkum a sake aunawa bayan mako biyu zuwa huɗu. Idan babu abin da ya motsa, koma mataki na 9 ka rubuta duk abin da ka ci da wanda ka sha na mako guda, yawanci a kofin shayi ake samo ɓarawon.

Wanda FibroScan ya nuna masa tabo matsakaici ya tambayi likitan hanta game da magungunan asibiti. A Maris 2024 Amurka ta amince da resmetirom, magani na farko da aka yi musamman domin wannan cuta, kuma wasu alluran ciwon suga masu rage nauyi suna taimaka wa hanta. Wanda gwajinsa ya nuna ba shi da nau'in B kuma ba shi da rigakafi ya karɓi allurar, guda uku ce cikin wata shida. Lissafin FIB-4 kuwa a maimaita shi duk shekara biyu zuwa uku, mai ciwon suga duk shekara ɗaya zuwa biyu.